Tsohuwar Mota a Hanyar Magama: Abin Gyarawa da Abin Ƙarawa

Duk wanda ya san hanyar Katsina zuwa Maraɗi ya san irin motocin da ke neman abinci a kanta. Daga Katsina zuwa Magamar Jibiya kimanin kilomita 40 ne, nan ake ƙetare iyaka, sai Ɗan Isa, sai Maraɗi, duka-duka wajen kilomita 90. Hanyar ba ta da tsawo, amma motar da ke zirga-zirga a kanta kullum, shekara da shekaru, da lodi har saman rufi, ta ci tafiyar da agogonta ya daɗe da daina ƙirgawa. Akwai sauran tsofaffin Peugeot 504 da 505, waɗanda kowa ke kira Fijo, akwai J5 da akori-kura, ga kuma Golf da Sharan da Vectra da suka zo daga baya suka cika tasha. Kusan babu wadda ta zo hannun mai ita sabuwa, kuma da wuya ka ga wadda take yadda kamfani ya ƙera ta. Wannan an ɗaga mata baya, waccan an cire mata kujera, wata an canja mata inji, wata an jera mata fitilu a goshi.

Mai irin wannan mota tambaya ɗaya ce ke gabansa duk ranar da 'yan kuɗi suka shigo: ina zan sa su? Abin da nake gani shi ne akasarinmu mun kifa lissafin. Muna fara kashewa a kan abin da zai ƙara lodi da gudu, muna barin abin da ke sanyaya inji da abin da ke tsayar da mota sai ranar da suka ba mu kunya a hanya.

Fijo ba ta daɗe a ƙasar nan don sa'a ba. Kamfanin Peugeot ya fito da 504 a Faransa a 1968, aka zaɓe ta motar da ta fi kowace a Turai a 1969. A 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon, aka buɗe masana'antar PAN a Kakuri ta Kaduna, kuma an yi shekaru ana kwaso sassan motocin ta jirgin sama daga birnin Liyon zuwa Kano, sannan a kai su Kaduna a harhaɗa. A shekarar 1975 ɗin ce 504 ta cinye tseren Safari na Kenya, tseren da aka san shi da karya motoci. Faransa ta daina ƙera ƙaramar 504 a 1983, Kaduna kuwa ta ci gaba har wajen 2005. Da yake ita ce motar gwamnati kuma motar haya, kusan duk wani dattijon bakanike daga Zariya har Damagaram a kanta ya koyi sana'a. Injinta mai silinda huɗu ne, lita 2 ba kaɗan, bai kai ƙarfin doki 100 ba. Kafireto gare shi, sarƙa ce a ciki ba bel ba, kuma idan silinda ta cinye sai a zare silif a sa sabo. Tayoyin baya ne ke tura ta, don haka lodi ba ya hana ta kama ƙasa. Mota ce da mutum mai sifana da haƙuri zai iya kwance rabinta a ƙofar gida ya mayar.

Amurkawa ma suna da tsofaffin motocin da suke ji da su, irin waɗanda suke kira masu ƙwanji: matsakaiciyar mota da aka cusa wa ƙaton inji mai silinda takwas. Pontiac GTO ta 1964, mai injin lita 6.4 da ƙarfin doki 325, ita ce ta buɗe kasuwar, su Dodge Charger suka biyo baya, har tsadar mai ta 1973 da dokokin hayaƙi da kuɗin inshora suka rufe wannan zamani. Tun kafin su akwai masu fasa-ƙwaurin barasa a kudancin ƙasar, daga lokacin haramcin 1920 zuwa 1933 har bayansa, lokacin da gudun haraji ya zama dalili. Su kan cire kujerar baya, su ƙara sifirin don kada nauyi ya danne motar ya tona musu asiri, su kuma taɓa inji don ya tsere wa jami'ai. Daga cikinsu ne aka sami wasu direbobin farko na tseren NASCAR da aka kafa a 1948. Wanda ya taɓa zama a Magama ba sai an yi masa bayanin wannan ba. Sai dai abin lura shi ne GTO ɗin nan, da duk ƙarfinta, ta fito ne da ƙananan birki masu ganga a ƙafafu huɗu, kuma tun a lokacin an yi ta kuka da ita kan cewa ta iya gudu ba ta iya tsayawa ba. Masu riƙe da irinta a yau, cikin abubuwan da suka fi saurin canjawa akwai birki, su sa mai faifai, sai lagireto, sai wutar fulogi. Su nishaɗi suke yi ranar hutu. Mu kuwa da motar ake cefane, kuma akwai rayukan fasinja a ciki.

Ga shi kuma zamanin da aka yi wa motocin iyakarmu gyaran ƙara lodi da gudu ya wuce. Tun daga 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, abin da ya taɓa tsohuwar hanyar nan ta Kwatano zuwa Gaya zuwa Ƙonni da Maraɗi. A Agustan 2019 aka rufe iyakoki, a Nuwamban shekarar aka hana kai mai gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, kuma Jibiya ba ta cikin waɗanda aka fara buɗewa a Disamban 2020, sai a Afrilun 2022. Ba a daɗe da numfasawa ba aka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, aka sake rufewa har Maris ɗin 2024. A tsakanin nan, ranar 29 ga Mayun 2023, aka cire tallafin mai: litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Da can inji mai shan mai ba abin damuwa ba ne, tunda man araha ne, wani ma shi ne hajarsa. Yanzu a ce motarka ta fi ta maƙwabcinka shan lita 3 a kowane kilomita 100, to duk zuwa Maraɗi da dawowa ka zubar da fiye da lita 5 a banza. Ka lissafa wata guda. Sannan tsaro: hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure har rufe ta gwamnatin Katsina ta yi a 2021 saboda 'yan bindiga. A irin wannan yanki, motar da ta mutu a daji da almuru ba asarar kuɗi kaɗai take jawowa ba.

Zafi shi ne babban mai kashe inji a wannan ƙasa. A watan Afrilu ma'auni kan wuce digiri 40, ga lodi, ga tsayuwa a shinge bayan shinge inji na kunne iska ba ta bugun lagireto. Maganin da aka saba shi ne a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka kai tsaye. Wannan ɗan ƙarfe aikinsa ya tsare ruwa a cikin inji har ya kai wajen digiri 80, sannan ya buɗe masa hanya zuwa lagireto. In aka cire shi, da safiyar hunturu inji zai daɗe bai ɗumama ba, fetur ba ya ƙonewa sosai, yana wanke baƙin man da ke jikin silinda, ringi na cinyewa. A motoci masu ƙwaƙwalwa irin Golf abin ya fi muni, domin ita ƙwaƙwalwar gani take inji bai yi zafi ba, sai ta yi ta ƙara masa mai har a kai Maraɗi. Kuma ainihin abin da ya sa motar tafasa yana nan ba a taɓa shi ba: ko lagireto ya toshe, ko fambel ya saki, ko famfon ruwa ya gaji, ko gasket ya fara ƙonewa. A yi wa makanikai adalci, ba haka kawai suka tsani abin ba. Tamostat ɗin da ya maƙale a rufe yana dafa inji cikin mintoci, kuma jabu sun yi yawa a kasuwa. Idan ya maƙale maka a hanya, cire shi ka isa gida. Amma ka sayi wani, ka jefa shi a tukunyar ruwa a kan wuta ka gani da idonka ya buɗe kafin ruwan ya tafasa, sannan ka ɗaura.

Murfin lagireto ma ana raina shi. Shi ke riƙe matsi a ciki, wanda ke sa ruwa ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba maimakon 100. Wanda ya toshe bakin da tsumma ko leda ya yar da wannan rata gaba ɗaya. Sai ruwan da ake zubawa. Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da gishiri da farar ƙasa, su ne ke daskarewa su toshe siraran hanyoyin lagireto, su kuma ci kan inji, wanda a Fijo da Golf duk na alminiyam ne. Ruwan sanyaya inji da ake sayarwa a galan yana da maganin tsatsa. Wanda bai da halinsa, ruwan sama da aka tace ya fi na rijiya nesa ba kusa ba. Kuma kada a buɗe murfi inji na da zafi; fuskoki da yawa sun saluɓe ta haka.

Bayan zafi sai ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar da inji ke shaƙa cike take da ita, ballantana motar da ke barin kwalta ta bi burtali. Gwajin ba ya buƙatar kayan aiki: ka cire bututun da ya tashi daga filtar iska zuwa inji, ka shafa yatsa a ciki. In ka ga ƙura, to injinka yashi yake ci, ko dai filtar ta huje ko bututun ya tsage. Kakkaɓe filta da busa ta yana taimakawa sau ɗaya ko biyu, bayan nan sai sabuwa. Masu cire ta ɗungurum wai don mota ta ƙara numfashi, ringi da fistin suke sayarwa don su huta da sayen takarda.

Juyen baƙin mai kowa ya san da shi, rikicin a kan lokaci yake. Tsohon inji irin na Fijo kan so mai kauri, 20W-50, kuma kada a wuce kilomita 5,000. A ƙura da yawan tsayuwa ma gara a rage. To ina za a ga kilomitan, tunda agogo ya mutu? Da lissafi. Wanda ke zuwa Maraɗi daga Katsina ya dawo sau ɗaya kullum yana cin kimanin kilomita 180, ke nan kafin wata ya cika ya kai 5,000. Ɗan littafi a aljihun mota, a rubuta ranar juye, ranar canja fulogi, ranar canja man birki, ya fi dogaro da tunani. A canja filtar mai tare da man. Man awo da ake ɗibowa daga buɗaɗɗen duro ba wanda zai rantse maka da abin da ke ciki. Hayaƙin salansa kuwa yana faɗin gaskiya: shuɗi, inji na ƙona baƙin mai, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ruwa na shiga silinda, baƙi, fetur ya yi yawa, kuɗinka ne ke fita ta baya. Maganin ƙara kauri da ake zubawa yana ɓoye hayaƙi na ɗan lokaci, shi ya sa dillalai ke son sa, amma bai taɓa mayar da ringin da ya cinye ba. Na ga motocin da aka cire wa ƙwan fitilar gargaɗin mai don wai tana damun direba. Ranar da inji ya buga sai a ce tsautsayi.

Fetur a bakin iyaka sau da yawa daga jarka yake fitowa, hannun 'yan bumburutu, tare da ƙasa da ɗigon ruwa. Ba su kaɗai ba ne abin tsoro: a Fabrairun 2022 man da aka shigo da shi ƙasar a hukumance ne aka samu da sinadarin metanol fiye da ƙima, ya lalata motoci a manyan birane. Ƙaramar filtar fetur a kan tiyo, da ƙyallen tacewa a bakin mazurari, suna rage zuwa wurin mai wanke kafireto. A riƙa duba tiyon fetur ɗin kansa. Robar da ta shekara ashirin tana tsagewa, ɗigo ɗaya a kan salansa mai zafi ya isa, kuma tukunyar kashe gobarar da ake ajiyewa don jami'an kiyaye haɗurra kawai, wadda ba a san ranar da ta ƙare ba, ba za ta yi komai ba.

Yanzu ga inda na fi so a tsaya a yi tunani, wato ɗaga bayan mota. Doguwar 504 nauyinta kimanin kilo 1,300 ne. Ka ɗora mata buhu 20 masu kilo 50, ka ƙara mata tan guda ke nan, ta kusa ninka kanta. Sifirin da aka ƙara ko aka canja da na babbar mota zai hana ta zama a kan taya, shi ke nan aikinsa. Bai ƙara wa birki komai ba, bai ƙara wa taya ba, bai ƙara wa boris da aksul da ƙashin motar ba. Aikin da birki zai yi yana ƙaruwa daidai da nauyi, game da gudu kuwa ninkin-ba-ninki ne: motar da ke kilomita 120 tana buƙatar filin tsayawa ninki huɗu na wadda ke 60. Duk wannan ƙarfi zafi yake komawa a ƙafafun mota. Akwai kuma wani abu da ba kowa ya lura da shi ba. Da yawa daga irin waɗannan motoci suna da wani ɗan bawul a ƙarƙashi, ta baya, wanda ke auna yadda mota ta zauna: in ta yi ƙasa ya san akwai lodi, sai ya ƙara wa ƙafafun baya ƙarfin birki, in ta yi sama ya rage, don kada baya ya kulle ya juya da mota. Da ka ɗaga bayan ka ƙarfafa sifirin ba ka daidaita shi ba, kullum gani zai yi motar ba kaya, ko da kuwa tana ɗauke da tan guda. Sai birkin gaba ya ɗauki wahalar shi kaɗai har ya ƙone. Lodin saman rufi kuma yana ɗaga nauyi sama, kwana kaɗan ko fashewar taya sai mota ta wuntsila.

Man birki yana shan danshin iska a hankali. Sabon DOT 4 sai ya kai digiri 230 yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa a 155. In ya tafasa ya zama tururi, ka taka feda ta tafi har ƙasa ba abin da ya kama. Shi ya sa ake canja shi duk shekara biyu ko da bai ragu ba, in kuwa yana raguwa to akwai inda yake yoyo, ciko ba magani ba ne. Ɗabi'ar nan ta zuba ruwan omo a madadinsa, ko daddatse bututun ƙafar da ke yoyo a ci gaba da tafiya da ƙafa uku, ya kamata a ce tasha da kanta ta hana. Mutanen Jibiya ba su manta da Agustan 2021 ba, lokacin da motar sintirin kwastam ta kutsa cikin jama'a mutane da dama suka rasu. Hukumar ta ce birki ne ya tsinke, mazauna garin suka ce bin masu fasa-ƙwauri ake yi. Ko wanne aka ɗauka, gudu ne da rashin tsayawa a inda mutane suke.

Ba cewa nake kada a taɓa sifirin ba. Motar da ta yi shekara talatin sifirinta ya gaji, shokazobanta ya mutu, mayar da su yadda suke ko ƙara musu ɗan ƙarfi gyara ne mai kyau. Sharaɗin dai a yi shi bayan birki ya zama lafiyayye, a daidaita bawul ɗin nan, a sake saita fitilu, a kuma san cewa iyakar lodi tana nan inda kamfani ya ajiye ta.

Taya tana da ranar haihuwa a jikinta, lambobi huɗu a ƙarshen wani layi da ya fara da DOT. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, shekara huɗu take ba taya. Ta gwanjo tana iya zuwa da zane mai kyau alhali robar ta bushe, wata ma don ƙanƙarar Turai aka yi ta, ba don kwaltar Jibiya a watan Afrilu ba. Motar lodi tana son taya mai alamar C, wadda aka yi don kaya. Iska kuma a auna ta da safe taya na da sanyi, da ma'aunin kanka. Mai faci da ke bugun taya da ƙarfe ya ce ta yi, kunnensa yake gwadawa.

Cikin ƙare-ƙaren da ake yi, akwai waɗanda ba su da tsada kuma suna biyan kansu. Cire kwantak na tsohuwar Fijo a sa wutar lantarki ta zamani yana sa ta tashi da wuri ta kuma rage shan mai, ba sauran goge kwantak a bakin hanya. Lagireto mai layi da yawa ya dace da motar lodi. Sa wa fitilun gaba rile da sabuwar waya yana dawo da haskensu ba sai an jera fararen fitilun nan da ke makantar da mai tahowa ba. Fiyus kuwa a bar shi fiyus. Wanda ya naɗa waya ko takardar sigari a gurbinsa ya mayar da wayarin motar gaba ɗaya abin ƙonewa.

Canja inji shi ne babban buri, musamman ga mai tunanin 505 mai silinda shida, wadda injinta na lita 2.8 ke ba da ƙarfin doki kusan 170. A farashin mai na yau ban ga ribarsa ga motar haya ba. Inji mai ƙarfi yana neman giya da kuloci da lagireto da birki da suka dace da shi, in ba haka ba sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana karyawa. Kafin a yanke wa tsohon inji hukunci a sa bakanike ya auna matsin kowace silinda. Sau da yawa ringi da gasket da goge bawul sun wadatar. In canjin ya zama dole, a sa irin nasa, kuma a gyara takardu, domin a iyaka lambar da ke jikin ƙarfe ake gwadawa da ta takarda, a wannan ƙetare da wancan. Mayar da mota ta koma amfani da iskar gas, wanda gwamnatin tarayya ke tallatawa tun 2023, yana da amfani ne inda akwai gidan sayar da gas ɗin kusa, kuma da tukunyar da aka yi don haka. A Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a gidan gas a birnin Benin saboda tukunyar da aka yi mata ta walda.

Masu Golf kada su ɗauka wannan magana ta 'yan Fijo ce. Golf 3 an ƙera ta ne daga 1991 zuwa 1997, ita ma ta tsufa. Bambancinta bel ne a cikin inji maimakon sarƙa, ana canja shi wajen kowane kilomita 60,000, kuma a injuna da yawa in ya tsinke ana tafiya fistin kan daki bawul. Wanda ya sayi mota bai san yaushe aka canja bel ba, ya ɗauka ba a taɓa canjawa ba.

Kayan gyara daga Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna suke zuwa, su kuma daga Ladipo a Legas da Nnewi. Ƙa'idar da na ga tana aiki ita ce: abin da yake ƙarfe ne zalla, kamar akwatin giya, aksul, kan inji, ƙofa, ɗan Beljiyam, wato na gwanjo, mai kyau ya fi sabon jabu. Abin da yake roba ne ko mai cinyewa, kamar bel, tiyo, takalmin birki, robobin birki, filta, taya, sai sabo. Araha ba ta ado, a birki kuwa har kisa take yi.

Me mutum zai yi da hannunsa? Duba mai da ruwa da iskar taya kowace safiya, juye, canja filta da fulogi da fambel, wanke kan batir, sa giris, ɗaure notin da ya saki, leƙa ƙarƙashi a ga abin da ya ɗiga cikin dare. Ranar da ba lodi ake yin wannan, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Buɗe inji, saitin kafireto, gaɓoɓin sitiyari, cire iska daga birki da walda a kusa da tanki, waɗannan na masu sana'a ne, kuma gara ka riƙe bakanike ɗaya da ya san motarka da ka yi ta yawo da ita gareji-gareji. Mai aiki a gida kada ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, balle a kan yashi. A sa kututture ko ƙarfen tokare, a kuma datse tayoyi da dutse. Kada a bar inji a kunne a rufaffen wuri. Kada a zuƙi fetur da baki. Tsohon baƙin mai a tara shi a jarka, kada a zubar kusa da rijiya ko inda yara da dabbobi suke.

Akwai kuma ranar da gyara ke ƙarewa. Inji ana sake shi, giya ana sake ta, amma idan ƙashin mota ya tsage inda sifirin da sitiyari suke kamawa, aka yi walda a kan walda, ko tsatsa ta cinye ƙasan har ana hango kwalta, to wannan ba motar ɗaukar mutane ba ce kuma. A sayar da ita a yanka, sassanta su raya wasu.

Layin dogon Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, ta Jibiya zai bi, kuma in ya fara aiki zai ɗauke wani kaso na manyan kaya. Fasinjan ƙauye da buhunsa biyu da akuyarsa dai tsohuwar motar nan za su ci gaba da shiga. Don haka kirana ga shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW da ta makanikai ta NATA a Jibiya da Katsina shi ne su sa ido a kan abu uku kafin mota ta shiga layin lodi: a taka birki a gani, a karanta shekarar taya, a leƙa tiyon fetur. Ba ya cin minti biyar. Kai kuma mai mota, in kuɗin da ke hannunka na gyara ɗaya ne a wannan wata, kai su wurin birki.